Hannun da Ya Kayar da Sarki

Asabar, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na dawo daga kulob. Tambayoyi bakwai na tarar a akwati, uku daga ciki na amsa su ya fi sau hamsin. Shekara goma sha tara ke nan ina buɗe wannan kwalin takalmin da muka huda wa baki muka ajiye a ɗakin baya na laburare, inda muke buga darar ces, wato darar nan mai sarki da dawaki, duk Asabar. Kowa ya jefa tambayarsa, ni kuma in rubuta amsa da hannuna a babbar takarda, in manna a bango. Shi ya sa suke ce mini Alƙali, alhali ban taɓa taka kotu ba. Lissafi na koyar har na yi ritaya.

Ta farko ta Direba ce, na san rubutunsa, sai ka ce mota na gudu ya yi shi. Wai in ya taɓa doki, dole sai ya motsa shi? Dole ne, Direba. Wanda ya taɓa da gangan, ya motsa. In zama kake so ka gyara masa, sai ka fara cewa "ina gyarawa" kafin yatsanka ya sauka a kansa. In kuwa hannun riga ne ya goge shi, babu laifi.

Yau sau huɗu na ce "ina gyarawa". Ba abin da nake gyarawa. Na miƙa hannun dama zan ɗauki abu ɗaya, yatsuna suka sauka a kan na kusa da shi.

Tela, wanda muka shekara ashirin da biyu muna ƙara wa juna hawan jini a kan allo ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "Yau kai da gyare-gyare, Alƙali. Ko in ba ka aiki a shago ne?" Na yi dariya. Gasar shekara saura mako biyu.

Litinin, 5 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Shayi ya zube mini a wando. Na ce kofin ne ya yi zafi. Matata, wadda tun muna sabon aure nake kira Ungozoma saboda aikinta, ta dubi kofin, ta dube ni, ta miƙo tsumma. Fiye da shekara talatin tana karɓar haihuwa, ko numfashin mutum ya canza sai ta ji. Na tura hannun ƙarƙashin tebur na danne shi da cinya har ta ɗauki jakarta ta fita.

In yana ajiye lafiyarsa ƙalau. Sai na aike shi yake fara rawa.

Laraba, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wani ya tambaya me ya sa muke ce wa mai tafiya a karkace giwa, alhali ko haure ba shi da shi. Irin tambayar da nake so ke nan. Wasan daga Indiya ya taso, hoton rundunar yaƙi ce: sojan ƙasa, dawaki, giwaye da kekunan yaƙi. Ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa, daga hannunsu ya ƙetara Turai, kowa yana sauya wa kayan suna yadda ya ga dama. Ita kanta sarauniyar da kowa ke tsoro a yau, a da waziri ce, taku ɗaya tak take yi a karkace. Sai wajen shekara ɗari biyar da suka wuce aka sake mata mara.

Na san amsar kamar sunana. Takarda uku na ɓata kafin na rubuta ta. A ta farko kalmar "Farisa" ta fito kamar an ja ta a kan tsakuwa. Ni da iyaye ke kawo mini takardun shaidar yaransu in rubuta musu suna saboda kyan hannu.

Ciwon Baba, mahaifina, da cokali ya fara. Ina aji uku a lokacin. Ba zan rubuta sauran ba.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Maɓalli biyar ne a rigar nan. Minti shida.

Asabar, 10 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na yi dabara, kuma har na ji daɗin kaina da na ƙirƙiro ta.

Shekara arba'in da sojan gaban sarki nake buɗe wasa, taku biyu, in fito da doki, in fito da giwa, in auka wa mutum tun bai gyara zama ba. To amma irin wannan wasan hannu yake ci. Sai ka miƙa shi can tsallaken allo, cikin kayan abokin karawa, inda komai ke tsaye a cunkushe. Don haka yau na buɗe da taku ɗaya-ɗaya. Na jera sojojina a layi na uku, na lafe a bayansu, ba abin da ya wuce tsawon tafin hannu daga ƙirjina. Gwiwar hannuna tana kan tebur, ban ɗaga ta ba ko sau ɗaya.

A taku na takwas Tela ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Wa ya aiko ka?" in ji shi.

Na ce, "Kamar yaya?"

"Alƙalin da na sani da yanzu ya ba ni doki kyauta don ya fasa mini gida. Wannan na gabana kuwa ya shige ƙarƙashin gado ya ja bargo. Lafiya dai ko?"

Na ce sabon salo nake gwadawa saboda gasa. Ya ce, "Tsoho da sabon salo. To Allah ya ba da sa'a." Amma bai ƙara tsokanata ba har muka tashi kunnen doki, kuma shirun Tela ya fi surutunsa tayar mini da hankali. Da aka zo musabaha, kamar yadda ake yi a ƙarshen kowane wasa, na ce mura nake yi, kada in shafa masa.

Na manta cewa mutumin da ya shekara ashirin yana kallon wasanka ba ya bukatar ya kalli hannunka.

Lahadi, 11 ga wata, bayan azahar

Na gwada da hagu. Doka ba ta hana ba, abin da ta ce kawai shi ne hannun da ya motsa shi zai danna agogon ƙidayar lokacin wasa. Na jera kayan a teburin falo na yi awa guda. Hagun ba ya rawa sosai, amma baƙo ne, ya tafi ɗaukar doki kamar mai ɗaukar garwashi. Kuma in na zauna gaban Tela da hagu, me zan ce? Sabon salo?

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Ba ciwon nake tsoro ba kamar ranar da za a ja mini kujera gefe a ce, "Alƙali, zauna nan ka huta, ka yi kallo." Haka aka yi wa Baba a shagonsa. Da ladabi aka yi masa, shi ya fi ciwo.

Talata, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai amsoshin wannan makon shagon buga takardu na bakin titi. Mai shagon ta karanta da ƙarfi tana bugawa: wace buɗewa ta fi dacewa da sabon shiga? Amsata ita ce ta kullum. Kama tsakiyar allo. Fito da dawaki da giwaye kafin ka fara mafarki. Kada ka fito da sarauniya da wuri, yara za su yi ta korarta kana ɓata taku. Ka ɓoye sarki da wuri, kuma in za ka yi, sarkin za ka fara taɓawa, ba hasumiya ba. Na ƙarshe: kada ka lafe a gida don tsoro, wanda ya lafe a hankali ake shaƙe shi.

Ta ce, "Baba, wannan na ƙarshen a sa shi da manyan baƙaƙe?" Na ce a'a, ta bar shi yadda yake.

Na lura kwana uku ke nan shayina rabin kofi ake zuba mini. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Juma'a, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An fitar da jadawali. Zagayen farko ni da Tela. Cikin mutum goma sha shida.

Asabar, 17 ga wata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Ba zan rubuta yau ba.

Lahadi, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zai sauka daga ƙirjina.

In ina wasa a gasa, Mai Laburare ce ke alƙalancin teburina, don ba a zama ɗan wasa kuma alƙalin kai. Ta danna mana agogo. Na lafe kamar makon jiya. Takardar rubuta taku na ɗora ta a cinya don kada a ga abin da biro ke yi. Tela ya ga na ƙi fitowa, sai ya kwaso kowa da kowa ya taho, har sojojin da ke tsaron sarkinsa. Haka yake tun fil azal, in ya ga ƙofa a rufe sai ya ɗauka babu kowa a gidan.

A taku na talatin da ɗaya na gani. Sarauniyata tana tsaye kusa da sarkina. In ta tafi can ƙarshen allo, layinsa na baya, cek ne, wato na kai wa sarkinsa hari, ba shi da abin yi sai ya tare da hasumiya, in cinye ta, shi ke nan sarkinsa ya kamu. Taku biyu. Na ƙirga sau uku. Direba da ke tsaye a bayana ma ya gani, don na ji ya ja numfashi.

Gida bakwai ne tsakanin inda take da inda za ta. Na zauna ina kallon gidajen nan bakwai har agogona ya ci minti tara. Na nemi wani takun gajere da zai yi aikin, babu. Sai na ɗaga gwiwar hannu daga tebur.

Ban ko kai ga sarauniyar ba. Hannun ya fizge, bayan yatsuna ya bugi sarkina, ya faɗi, ya gangara har bakin allo ya tsaya.

A al'adar wasan nan, wanda ya kwantar da sarkinsa ya sallama ke nan. Amma a doka, kuskure ba sallamawa ba ne. Ni na koya wa duk wanda ke ɗakin nan haka. Ka ce kuskure ne, ka tayar da shi a lokacinka, a ci gaba. Mai Laburare ta matso ta ce a hankali, "Alƙali, kuskure ne ko?" Hanya ta buɗe mini, ba ta ma ce "ko ka sallama" ba.

To in na ce kuskure ne, sai in sake miƙa hannun nan a gaban mutum goma sha biyar in tayar da sarki, sannan in sake miƙa shi gida bakwai. Hannun yana kan cinyata a lokacin yana ta kaɗawa kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

Na ce, "Na sallama."

Direba ya ce, "Haba Alƙali! Ga ci a gabanka!" Wani ya ce masa ya yi shiru.

Tela ya miƙo hannu. Babu zancen mura a gasa, kowa na kallo. Na ba shi. Ya riƙe, ya ɗora ɗayan hannunsa a kai, ya ƙi saki. Duk abin da na wata huɗu ina ɓoyewa yana ta bugawa a cikin tafinsa. Ya dube ni ta saman tabarau, idonsa ya kawo ruwa, ni kuwa na fizge na ɗauki hulata. Ko akwatin tambayoyi ban buɗe ba.

Litinin, 19 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Tela ya kira sau biyar. Na aika wa Mai Laburare saƙo ta nemi wanda zai riƙa amsa tambayoyi, na ce idona ne ya fara gajiya. Na sa allon da kayansa a jaka na tura saman kabad.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna a falo tun safe. Ban san rana tana da tsawo haka ba.

Laraba, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Da safe Ungozoma ba ta sa kayan aiki ba. Ta ajiye mini takalmi a gabana ta ce, "Tashi, Malam. Ƙarfe tara likita zai gan mu."

Na ce likitan me?

Ta ce, "Ka ga, ni ba ɗalibarka ba ce. Tun watan da ka daina yanke farce da kanka na karɓar maka katin asibiti. Ina jira ne ka faɗa da bakinka, ka ƙi. Shekaranjiya na ga allo a saman kabad, na ce to, abin ya kai."

Na fara faɗa, wai an mayar da ni yaro a gidana. Ta bar ni na gama tas, sannan ta durƙusa ta ɗaura mini igiyar takalmi. Ban hana ta ba.

Likitan ya sa na miƙa hannuwa, na taɓa hancina, na zana da'ira mai nannaɗewa a takarda. Da'irar ta fito kamar an tauna ta. Ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Ita ta amsa.

Ya faɗi suna biyu. Ɗaya ya ce shi ya fi zato, ɗayan kuma sai an yi gwaji a kawar da shi. Ba zan rubuta ko ɗaya ba. Akwai magani mai rage shi. Na ce, "Mai ragewa ko mai warkarwa?" Ya ce mai ragewa. Na ce zai ƙaru? Ya ce a hankali, a wurin yawancin mutane. Na shekara talatin ina koyar da lissafi, na san abin da "yawanci" ke nufi ga wanda ya faɗo a ragowar.

A mota ta kama hannun ta ɗora a cinyarta har gida.

Juma'a, 23 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Tela ya zo. Bai yi sallama irin ta mutane ba, daga ƙofa ya fara: "Ina mai gidan nan da ya raina mini hankali?" Allonsa na shago yana hammatarsa. Ya share teburin falo, ya fito da wata takarda, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya yadda suke a taku na talatin da ɗaya. Sarkina ya tsayar da shi da kansa.

Ya ce, "Na gaya wa Mai Laburare ban karɓi wannan cin ba. Shekara ashirin da biyu ina neman in cinye ka a gasa, sai ka ba ni sadaka a gaban jama'a? Ni almajirinka ne?"

Na ce an riga an rubuta sakamako, doka ba ta dawo da shi.

"Sakamako ya zauna a takarda, wannan tsakanina da kai ne. Kuma tambaya na kawo, tunda ka gudu ka bar akwati. In mutum kansa garau yake, hannunsa ne ya ƙi, me doka ta ce?"

Na sani sarai. An yarda ya zo da mataimaki wanda alƙali ya amince da shi, shi ya faɗi taku, mataimakin ya motsa, ya danna agogo, ya rubuta. Na taɓa amsa wa wani wannan shekarun baya, har na ja layi a ƙarƙashi. Wata huɗu ina juyi a kan yadda zan ɓoye hannu, ko sau ɗaya bai zo mini cewa dokar nan da ni take ba. Na ɗauka ta wasu ce.

Na faɗa masa. Ya ce, "To, ka ji. Ashe alƙalin ma sai an karanta masa."

Na ce ba zan zauna a kulob hannuwana a cinya wani yana yi mini wasa ana kallona da tausayi ba. Ya ce, "Wa zai ji tausayinka? Ni dai in ka koma wasanka na da, kaina zan ji wa tausayi." Sai ya leƙa kicin ya ɗaga murya: "Maman yara, zo ki ga aikin da aka samo miki."

Ta fito tana goge hannu. Shekara talatin da huɗu irin allon nan yana gidanta, ba ta san sunan ko ɗaya ba sai doki, shi ma don yana da kunnuwa. Ta ce, "Wanne ne matar?" Tela ya nuna mata. Na ce ta kai ta gidan ƙarshe, layin da take kai. Ta ɗauke ta da yatsu biyu kamar jaririn da bai kai wata ba, ta tafi da ita gida bakwai, ta ajiye a tsakiyar gidan daram.

Na ce, "Cek." Muryata ce ta yi rawa wannan karon.

Tela ya tare da hasumiya, don ba shi da wani abin. Ta cinye masa ita. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Kai, amma matar nan muguwa ce."

Asabar, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ban je ba. Na sa riga, na cire. Ta ce ba komai, akwai wata Asabar.

Biro yana wahalar da ni yau. Maganin kuwa jiri yake sa ni.

Talata, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wannan rubutun ba nasa ba ne. Ni ce matarsa. Ya ce shi zai faɗa ni in rubuta, wai in saba, tunda ranar Asabar ni zan rubuta masa taku.

Ya ce in rubuta cewa sakamakon gwaji sai ranar sha biyu ga watan gobe. Ya ce in rubuta cewa Mai Laburare ta aiko da akwatin gida, tambaya tara ce a ciki, biyu na Direba ne. Ya ce na iya tafiyar giwa da hasumiya, amma har yanzu ina kai doki inda Allah bai kai shi ba, kuma in na ƙara ce wa sarauniya "matar" a gaban mutane zai nemi wani mataimakin. Ya nema mana mu gani.

Ya ce in rubuta cewa da sojan gaban sarki zai buɗe, taku biyu.

Na ɗauka ya gama. Sai ya ce in rubuta cewa har yanzu tsoro yake ji, sosai, kuma bai san yadda zai shiga ɗakin nan kowa ya juyo ya dube shi ba. Na rubuta.

Wannan layin nawa ne, bai ce in sa ba. Ni ma tsoron nake ji, Malam, tun kafin kai ka fara. Asabar ƙarfe huɗu za mu je.